Shekarar da Na Yi Gadin Akwati

Wannan babin na daɗe ina kewaye shi, kamar yadda mai zuwa gona ke kewaye kududdufi. Na rubuta muku yarintata a Gubuchi, na rubuta aurena da zuwana Ikara, na rubuta haihuwar kowannenku, amma duk sanda na iso shekarar da Inna ta rasu sai in rufe littafin in ce sai gobe. To, goben ta fara ƙare mini, idona ya soma gajiya da layin takarda. Kuma na san magana biyu ce ke yawo a tsakaninku. Dangina na Gubuchi suna cewa uwarku ta zaɓi kwamfuta a kan mahaifiyarta. Ke kuma Rukayya, da 'yan'uwanki da kika ja zuwa ra'ayinki, kuna cewa babanku, Allah ya jiƙansa, shi ya ɗaure ni a gida har ta cika ban gan ta ba. Kowane ɓangare ya riƙo ɗan abin da ya riƙo na gaskiya. Amma akwai guntun da ba wanda ya sani sai ni da Mahaliccina, shi nake so in sauke a nan kafin a sauke ni.

Da babanku ya yi ritaya daga sakatariya, zama ya gagare shi. Kun san halinsa, mutum ne da in ya rasa abin yi sai ya kwance rediyo mai lafiya don ya ga abin da ke cikinta. Sai ya kafa dogon ƙarfen nan a bayan gida ya shiga raba wa mutane intanet: wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a bakin titi, wata makarantar sakandare ta kuɗi, da 'yan shaguna nan da can. Zuciyar aikin duka wata baƙar na'ura ce mai tsayin gwiwa, shi yana ce mata saba, ni kuwa akwati kawai nake kiranta. A cikinta katunan marasa lafiyar asibitin suke, a cikinta makarantar ke ajiye tambayoyin jarrabawarta. Wani Injiniya Bala ne daga Zariya ya zo ya haɗa ta. Shi ya so a sa ta a shagon da ke jikin zaure, inda kowa zai iya kaiwa gare ta. Babanku ya ce shagon na yoyo, kuma an taɓa fasa shi, don haka a kai ta can cikin gida, ƙaramin ɗakin da ke manne da nawa, inda nake ajiye buhunan masara da kwanukan aurena. Ranar a madafa na wuni da mayafina har baƙon ya gama ya fita. Ban san an kawo mini abokin zama ba ne.

Bayan Injiniya ya tafi, babanku ya kira ni ya zaunar da ni a kan buhu, gaban allon da ke haɗe da akwatin.

“Binta, kin ga abin nan? A ido ɗaya ne, amma kwamfuta uku ne ke zaune a cikinsa. Ɗauke shi kamar gida ɗaya mai ɗaki uku. In aka ɗauke wuta aka dawo da ita, gidan yana farkawa da kansa, amma mutanen ɗakunan barcinsu suke ci gaba da yi, sai an bi su an tashe su.”

“To kai ba ka iya tashinsu ta wayarka daga inda kake?”

“Na farkon shi ke buɗe ƙofa. In yana barci, ta ina zan shigo? Sai wanda ke cikin ɗakin nan.” Ya dube ni yana murmushi. “Ke kin yi sakandare, ɗan Turancin da ke jiki ba zai gagare ki ba. Kuma ai kina gida.”

Kina gida. Ku riƙe wannan maganar, za ku sake jin ta.

Sunayensu a allon haruffa ne da lambobi, sai na raɗa musu nawa. Na farko Mai Gadi, don shi ke buɗe hanya. Na biyu Rumbu, don a cikinsa ake ajiya. Na uku Ɗan Aike, shi ke ɗebo abin da asibiti da makaranta suka nema ya kai musu. Ƙa'idar ita ce a tashi Mai Gadi a ɗan jira, a tashi Rumbu a jira ya gama miƙa sosai, sannan Ɗan Aike. In aka yi gaggawa aka tashi Ɗan Aike alhali Rumbu bai shirya ba, sai ya je ya tarar da ƙofa a rufe, ya yi fushi ya zauna, sai an kashe duka an faro daga farko. Babanku ya ce tsakanin na biyu da na uku minti biyu ne, kada in rage, kada kuma in ƙara, don mutane na can suna jira. Agogon jikin allon ƙanƙane ne, idona ba ya kama shi, sai na auna da carbina: istigfari talatin da uku bayan Mai Gadi, zagaye guda cikakke bayan Rumbu. Na ce ko ba komai jiran bai tafi a banza ba. Ya kuma ba ni lambar sirri, ya ce sirrin marasa lafiya ne a ciki, amana ce, kada in ba ko ɗan da na haifa.

Ba zan ɓoye muku ba, da farko na ji daɗi. Shekara talatin da 'yan kai karatun bokona bai wuce duba takardar magani da sakamakon jarrabawarku ba. Sai ga shi yau wani abu a gari ba ya motsi sai na sa hannu. Ranar farko da na ga ukun nan sun koma kore ɗaya bayan ɗaya, ma'aikaciyar asibiti ta bugo ta ce, “Hajiya, ya buɗe, Allah ya saka,” sai da na yi tsaye ina murmushi ni kaɗai a tsakanin buhuna. Wannan jin daɗin ma yana cikin abin da ya ɗaure ni, ba babanku kaɗai ba.

Amma wutar garin nan kun san ta. Ba zuwa take ta zauna ba, leƙowa take. Wata rana sau uku, wata rana sau goma, in iska ta kaɗa ma ba a ƙirgawa. Bayan wata huɗu babanku ya sayo batura da inbata, abin nan da ke karɓar aiki in wuta ta tafi, na ce alhamdu lillahi na huta. Ashe tsakanin tafiyar wuta da karɓar batir akwai ƙiftawar ido guda, wannan ƙiftawar kuwa ta isa ta kwantar da akwatin. Sai aikin ya zama biyu: in an ɗauke in tashe su, in an kawo in tashe su. Kunnena ya koma jikin fanka. Ko ina tsakiyar magana da mutum, rabin hankalina na kan ƙararta, da ta sauya murya na miƙe. Tuwo nawa na bari a kan talge na dawo na tarar ya yi gudaji, ban san adadi ba. Na daina zuwa Islamiyyar matan aure da nake zuwa da hantsi. Suna, biki, gaisuwar mara lafiya, sai in aika da uzuri, har matan unguwa suka gaji suka daina sanar da ni. Abin da ya fi damuna sallah ce. Ban taɓa yanke ta ba, Allah shaida, amma na sha jin fanka ta tsaya ina raka'a ta biyu in ga na gaggauta sauran, in yi sallama ina riga na juya ƙafa wajen ƙofa. Ku manya duk kun yi aure kun watse, Rukayya tana karatun kwamfuta a Zariya, babanku kullum yana kan rufin wani yana gyara eriya, yau Makarfi gobe Kudan. In wani ya tambaye shi wa ke duba na'urar, na sha jiyo shi daga zaure yana cewa, “Ba matsala, ai Hajiya na gida.”

Inna ta zo mana sau ɗaya a wannan shekarar, kafin damina, ta kawo mini daddawa da kuka. Ita kaɗai ce a duniya ke kirana Fatsuma. Kwana uku ta yi tana kallona ina zabura ina shiga ɗakin nan ina fitowa. Rana ta uku muna tsinkar zogale a inuwa, fanka ta yi shiru, na watsar da tire na tashi. Da na dawo ta ce:

“Fatsuma, wai shi wannan jaririn naki ba a yaye shi ne?”

“Inna, aikin mutane ne.”

“Na haifi tara, ba wanda ya tashe ni tsaye kamar yadda baƙin yaron nan ke tashinki. Ko goyo ne ai akan ba maƙwabciya ta riƙe.”

Muka yi dariya. Da za ta tafi ta leƙa ɗakin ta ce wa akwatin, “To mai gida, a riƙa ba ta hutu tana zuwa ganin tsohuwa.” Ganina da ita na ƙarshe ke nan.

A cikin marka ne abin ya faru. Makarantar ta shirya wa 'yan ajin ƙarshe jarrabawar gwaji ta kwamfuta, kwana uku, Talata zuwa Alhamis, daga safe zuwa la'asar. A satin kuma aka kira 'yan fansho tantancewa a Kaduna, wadda ba a aika wakili, babanku ya tafi tun Litinin. Ran Laraba da hantsi yayana, Yaya Sale, wanda Inna ke zaune a gidansa, ya bugo.

“Binta, jikin Inna fa ya ƙi. Tun shekaranjiya ko kunu ba ya zama. Tana ta ambatonki.”

Na ce ya ba ta wayar. Muryarta ta yi ƙasa, amma hankalinta garau. Na gaya mata halin da ake ciki, yaran mutane na kan jarrabawa, mai gidan ba ya nan, amma in ta ce in taho yanzu zan yafa mayafi.

“A'a, zauna ki sallami 'ya'yan mutane, amana ce. Jibi Juma'a ki zo mini da man zafin nan naki. Ina nan, ina za ni?”

Na kira babanku, ina jin hayaniyar layi a bayansa. Na gaya masa halin da ake ciki, ya ce:

“In jikin ya yi tsanani ki tafi, Binta, Allah ya fi mu sanin yaran. Amma in za ta kai jibi...”

Bai ƙarasa ba. Bai hana ni ba, ku rubuta wannan ku ajiye. Sai dai bai ce tashi ki tafi da muryar nan tasa da in ya yi ta ba a musu ba, ni kuma da ya bar mini zaɓi sai na zaɓi abin da na ga zai fi faranta masa.

Za ku ce me ya hana ni tafiya da yamma in dawo da safe. Asibitin ba ya tashi da la'asar, kuma 'yan acaɓa ba sa shiga hanyar nan in rana ta yi sanyi a cikin marka. Amma akwai wata hanyar, kuma na gan ta sarai. Makarantar tana da malamin kwamfuta, Malam Idi, wanda ya fi ni sanin aikin nan nesa ba kusa ba. Da na ba shi makulli da lambar sirri na kama hanya, da shi ke nan. Na zauna a bakin gado na auna abin. Baƙon namiji ya ratsa zaure, ya ratsa tsakar gidana, ya wuce ƙofar ɗakina da shanyata a kan igiya, mai gida ba ya gari, maƙwabta na kallo. Gidan da ko ƙanen babanku sai ya yi sallama sau uku a soro ya jira. Kunya ta rufe ni tun kafin in furta, ko a waya ban iya kawo wa babanku shawarar ba. Yau na tabbata da na tambaya da ya yarda. Ban tambaya ba. Na ce ai jibi kamar yau ne.

Ran Alhamis aka tashi da iska da yayyafi, wayoyin wuta na ta haɗuwa. Kafin azahar na shiga ɗakin nan sau shida, shugaban makarantar ya kira ni sau biyu yana cewa yara sun fara kuka, lokaci na cin su. Bayan na idar da azahar, suna kan takardar ƙarshe, aka sake ɗaukewa. Na shiga, na tashi Mai Gadi, na ja talatin da uku. Na tashi Rumbu, na kama zagaye. Ina wajen sittin wayata ta yi ƙara a kan buhun da ke gefena. Na duba, ga sunan Yaya Sale. Na gan shi da idona. Na ce a raina saura kaɗan, in na ɗauka ƙirgar za ta ɓace mini, in ta ɓace in rage ko in ƙara, yaran can su ƙara shiga wani hali. Bari in ƙarasa in kira shi. Ta yi ƙara har ta gaji ta tsinke. Ta sake. Bakina na istigfari, yatsana na jan carbi, idona na kan sunan yayana. Na kai ƙarshe, na tashi Ɗan Aike, na ga ya yi kore, sannan na kira.

“Sai yanzu?” in ji Yaya Sale. Muryarsa ba ta faɗa ba ce, ta wanda ya gaji ce. “Ita ta ce a kira mata Fatsuma. Na kara mata a kunne tana jin tana shiga, har sau biyu. Yanzu kuma ta daina magana.”

Na ce ya sake kara mata. Numfashi kawai nake ji, mai nauyi, da ƙarar ruwa a kan kwano. Na ce Inna ni ce, Inna ki yafe mini, na yi ta maimaita mata kalmar shahada. Ban san ko ta ji ba. Har yau ban san abin da ta so gaya mini ba.

Na fita ko ƙofar ɗakin ban ja ba, jarrabawa ta ƙare ko kada ta ƙare. Abin da zai ba ku mamaki, ranar ba a sake ɗauke wuta ba sai washegari. Na samu ɗan acaɓa da ƙyar, muka tarar rafin da ke kan hanya ya cika ya hau gada, muka tsaya tare da masu kayan rake muna kallon ruwa fiye da awa biyu. A nan bakin rafin aka bugo mini cewa ta cika. Da na isa Gubuchi rana ta kusa faɗuwa, na haɗu da maza suna dawowa daga maƙabarta da laka a ƙafafunsu, don hadari ya sake haɗowa ba su ga dalilin jira ba. Ban samu wankanta ba, ban ga fuskarta ba. Tabarmar da aka ɗauke ta a kai kawai na tarar an jingine a bango.

A zaman makoki matar Yaya Sale ta tambaye ni a gaban mata, “Wai ina kika shiga ana ta kira?” Na ce wayar tana ɗaki ni ina madafa. Ƙarya na yi. Ita ce ƙaryar da na ɗauka shekara da shekaru, na gaya wa yayana, na gaya wa babanku, na gaya muku. Wayar tana gefena, tazarar hannu.

Bayan addu'ar bakwai na dawo Ikara na koma bakin aikina, don ban san wani abin da zan yi ba. Babanku ya riƙe ɗakin a kwanakin da ba na nan, har ya kira ni sau biyu yana tambayar wanne ke bin wanne. Na ci gaba da tashi in fanka ta tsaya, sai dai daɗin nan na farko ya mutu. Jikina ke zuwa, ni ba na zuwa.

Bayan an gama girbi Rukayya ta zo hutu. Da can in ta zo ba ta kula da ɗakin, a ganinta harkar babanta ce, amma wannan karon karatun nata ya yi nisa. Tana taya ni tankaɗe aka ɗauke wuta, ta ga na karkaɗe hannu na nufi ɗakin, sai ta biyo ni ta tsaya a kaina har na gama ja na gama tashinsu.

“Mama, kullum haka kike yi?”

“Kullum.”

“Tun yaushe?”

“Shekara guda da wata biyar.”

Ta ce in matsa mata. Na ce babanki ya hana a ba kowa lambar. Ta ce ai a buɗe yake, kallo kawai za ta yi. Ta zauna a kan buhun ta yi 'yan latse-latse, ba ta fi minti uku ba, sai na ji ta ce inna lillahi a hankali.

“Mama, zo ki gani.”

A gefen sunan kowannensu akwai wani ɗan gurbi mai kusurwa huɗu, fanko, bai kai ƙwayar masara ba. Ta ce in aka sa masa alama, irin wadda malami ke sa wa a littafin yaro in ya ci, da kansu za su riƙa tashi duk sanda akwatin ya farka. Ta nuna mini inda ake jera su, wa zai fara wa zai biyo, da inda ake rubuta tsawon jiran da ke tsakani. Duk abin da nake yi da ƙafata da carbina, an riga an gina masa wuri a ciki, yana zaune yana jiran a taɓa shi.

Babanku ya dawo ana kiran la'asar, ya ɗauki buta ya tsuguna a bakin rariya. Rukayya ta ɗauki lambar Injiniya Bala a wayar babanku, ta kira ta buɗe murya, muna tsaye a tsakar gida. Bayan gaisuwa ta tambaye shi me ya sa ba a sa alamar ba.

“Ai da gangan na bar ta, ƙanwata. Lokacin ba ku da batir, wutarku kuma ƙyaftawa take, na ji tsoron su riƙa tashi suna faɗuwa har ajiyar ta lalace. Na ce wa Alhaji ranar da ya sa inbata ya kira ni, ko ta waya sai in nuna masa, aikin minti biyar ne. Da ban ji shi ba na ɗauka ya samu wanda ya yi masa. Lafiya dai ko?”

Babanku na tsugune, ruwa na zuba daga butar a kan ƙafarsa bai sani ba.

“Ya faɗa,” ya ce. “Wallahi ya faɗa. Na yi ta cewa zan kira, sai in ga ai abin na tafiya, ba wanda ya taɓa kawo mini ƙara.”

“Baba, ba tafiya yake ba,” in ji Rukayya. “Mama ce ke ɗauke da shi a ka.”

Na ce, “Ke, babanki ne.” Ta kashe wayar ta shige ɗaki. Amma na san tun daga ranar wani abu ya tsaya mata a wuya game da shi, har ya koma ga Allah bai gama wucewa ba. Shi ya sa nake so ki san abin da ba ki gani ba. Da ya dawo daga masallaci ya zo ƙofar ɗakina ya tsaya daga waje kamar baƙo, ya yi sallama, ya ce, “Binta, na cuce ki ban sani ba. Ki yafe mini.” Mutumin da shekara talatin da biyar ban taɓa jin ya ce ya yi kuskure ko a kan hanyar mota ba. Na ce na yafe, kuma har zuciyata na yafe. Ba mugunta ya yi ba. Ya saba ne, kamar yadda duk muka saba, cewa macen da ke gida lokacinta kamar ruwan rijiya ne, a ɗiba kawai, ba a tambayar ko ya ja baya.

Washegari da safe Rukayya ta zauna za ta sa alamomin. Ta ce:

“Daƙiƙa nawa kike jira tsakaninsu?”

“Ni ban san daƙiƙa ba, carbi na sani.”

Sai ta ce in ja yadda na saba, ta auna da wayarta. Na ja talatin da uku ta rubuta, na ja zagaye guda ta rubuta. Tana shigar da na biyun ta ce:

“Bari in ƙara masa kaɗan. Ai jinkiri ba ya ɓata komai, gaggawa ce kawai matsalar. Ko minti goma kika bar Rumbu, yana nan yana jiranki.”

Na ce, “Ko da mutum ya tsaya ya amsa waya?”

“Ko ya tsaya ya ci tuwo, Mama,” ta ce tana dariya, idonta na kan allo.

Ba ki san abin da kika faɗa mini ba, 'yar nan, kuma ba laifinki ba ne. Na ce zan duba wake a wuta, na shiga madafa na zauna a kan turmi. Babu wake a wutar.

Da ta gama ta kira mu ni da babanku, ta kashe wutar gidan da hannunta ta mayar. Muka tsaya mu uku muna kallo, ba mai taɓa komai. Mai Gadi ya yi kore. Aka ɗan jima Rumbu ya bi. Sai dogon jiran nan, na ji leɓena na motsi da kansa, yatsana na neman carbin da ba ya hannuna. Ina kaiwa ƙarshen zagaye, da ɗan abin da ta ƙara, Ɗan Aike ya tashi.

Kashegari na tafi Gubuchi. Kwana tara na yi. An riga an zuba buhunan barkono a ɗakin Inna, na share gefe guda na shimfiɗa tabarmarta, na ajiye man zafin da ta ce in zo mata da shi a kan taga. Na gaya wa Yaya Sale ina son in zauna shiru, ya bar ni. A kwana taran nan ba wanda ya neme ni daga Ikara, ko sau ɗaya. Asibiti na aiki, makaranta na aiki. Ban san ko sauƙi na ji ko wani abin ba.

Akwatin an daɗe da sayar da shi, ɗakin ya koma na masara. Amma har gobe in fanka ta tsaya sai na ji gwiwata ta yunƙura kafin in tuna. Yaya Sale, in yaran nan sun karanta maka wannan, ka ji gaskiyar da na hana ka, ka yafe mini. Ku kuma ku sauke wa babanku kayan da ba nasa kaɗai ba ne, ku yi masa addu'a tare da Inna. Abu biyu nake roƙonku. Ku mazan, duk ranar da kuka ji bakinku ya ce ai tana gida, ku koma ciki ku tambaye ta me zaman ya ci mata. Sannan dukanku, in wayarku ta yi ƙara kuka ga sunana, ko me kuke ƙirgawa ku ɗauka. Ƙirga ana sake ta daga farko.